Wane ɗan abu yaranku ke yi da ke wanke muku gajiyar yini?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'ar gida. Kwanakin nan hirarmu duk ta koma ta tsadar madara da famfas da kuɗin makaranta, kuma da gaskiyarmu, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 babu gidan da bai ji a jikinsa ba. To yau dai mu huta da lissafi. Tambayata ga masu ƙananan yara, mata da maza: wane ɗan abu ne yaronki ko 'yarka ke yi da ke wanke gajiyar yini? Ban ce ranar suna ko walimar sauka ba. Abin yau da gobe nake nufi, wanda ba a kiran mai hoto dominsa. Ni nawa, in na gama yi wa Hanif wanka na shafe shi da man kaɗe, sai ya ja zanina ya cusa kansa ciki, wai shi ya ɓuya, ƙafafu da ɗuwawu duk a waje. Ni kuma in shiga cigiya, "Jama'a wa ya ga mini Hanif?" Zanin sai rawa yake don dariya.

Ummu Safiyya: Wa alaikumus salam. Ni kam barcinsu, kar ku yi mini dariya. In ukun nan suka kwanta bayan isha'i, wannan ƙafarta a kan fuskar wancan, sai in haɗa shayina in sha shi da zafinsa. Da rana ban san zafin shayi ba, sai dai in tsince shi a kan taga ya yi sanyi, wani lokacin har da cokalin wasa a ciki.

Maman Hanif: Anti, ai mun yarda, wannan ma yana cikin lissafi.

Abban Tagwaye: Oyoyo. Babu kamar oyoyo. In na taso daga Kantin Kwari, rana ta dake ni, mai bashi ya ɓata mini rai, ga cunkoson Ƙofar Mata, da na kashe mashin a ƙofar gida sai in ji gudu daga tsakar gida. Hassan ya kama ƙafar dama, Usaina ta kama ta hagu, haka zan shiga ina jan su. Kuma wallahi ba tsarabar kirki nake kawowa ba, goriba ce ko gullisuwar hamsin. Ran da na manta ma sai sun laluba aljihuna ɗaya bayan ɗaya, su ciro rasit su yi ta murna.

Maman Tagwaye: Mutanen gida ku tambaye shi wa ya yini da su kafin oyoyon. Shi da minti goma, ni da awa goma sha huɗu.

Abban Tagwaye: Af, ashe kina nan.

Maman Tagwaye: Ina nan daram, ranka ya daɗe.

Anti Malama: Ni gwarancinsu ke kashe ni. Autata ta shiga Islamiyya bana, ta dawo ta jera takalmanmu a tsakar ɗaki, ta ɗauko tsinken tsintsiya, tana biya musu Ƙulhuwallahu, tana cewa silifas ɗin babanta ba ya buɗe baki. Muryar malamarsu sak, har da yadda take gyara mayafi. Ina koyarwa a firamare, na san yaro ba ya mantuwa da abin da ya gani, amma ganin naka yana kwaikwayo daban ne. Daga nan na daina yi wa yayyenta tsawa a gabanta, don kar gobe in ji muryata a bakinta tana yi wa takalma.

Baban Ikram: Ranar da ta fara tata. Kakanta ya sa kafinta ya yi mata keken katako mai ƙafa uku, ta yi wata tana tura shi. Rannan kawai ta saki, ta yi taku uku zuwa wajen kwanon awara. Awara ta kira ta, ba mu ba.

Hajiya Kaka: Salamu alaikum. Na karanta duka. Allah ya raya muku, ya shirya. Amma 'ya'yan nan ku bar ni in faɗi wadda ba za ta yi muku daɗi ba. Mu da muka taso, uwa ba ta zama cikin mutane tana ba da labarin ɗanta, balle ɗan fari. Ke Maman Hanif, in ban yi kuskure ba shi ne na farinki, ga shi kin kama sunansa gatsau har sau biyu, ko kara babu. Ni nawa na fari yau yana da furfura, ban taɓa kiran sunansa ba, "wannan yaron" nake cewa, kuma bai rage shi da komai ba. Magabata sun ce ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Sannan baki gaskiya ne. Ana ta yabon yara a nan, mutum nawa ne suka ce tubarkalla?

Maman Hanif: Tubarkalla masha Allah, Hajiya, mun karɓi gyara a kan wannan. Amma batun suna ki yi mini afuwa, sunan baban mijina ya ci, Hanif ɗin ma lakabi ne. Kin ga ashe da sauran kunyata.

Hajiya Kaka: To da sauƙi.

Baban Ikram: Hajiya Allah ya ƙara girma. Amma ai su magabatan ne dai suka ce mai ɗa wawa. Ke nan sun san da wautar, ɓoye ta kawai suke yi.

Malam na Zariya: Hajiya ta faɗi gaskiya a kan kambun baka, ya tabbata, kuma an koyar da mu mu sa albarka in mun ga abin da ya burge mu. Sai dai kawaici ga ɗan fari al'ada ce, a bar ta a matsayinta na al'ada. Abin da ya zo cikin Bukhari da Muslim shi ne Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, sai Aƙra'u ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya dube shi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ya yi salla yana ɗauke da Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, ya ji kukan yaro sai ya taƙaita saboda abin da ya san uwar tana ji. Kai har ta'aziyyar tsuntsu ya yi wa ƙanen Anas, Abu Umair, da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi ya mutu. Duk wannan a gaban mutane aka yi, shi ya sa ya iso gare mu. Ni kaina in ina nafila a gida ɗana yakan hau bayana, kuma ba na gaggawar ɗagowa.

Hajiya Kaka: Malam, Hasan da Umama ai jikoki ne. Jika kuwa mu ma ba mu taɓa yi masa kawaici ba. Nawa mijina nake ce masa, ya zo ya cinye mini goro ya ce in ba shi kuɗin cefane.

Malam na Zariya: Hajiya kin iya kamu. To amma ya zo cewa ya ɗauki ɗansa Ibrahim ya sumbace shi ya sunsune shi, kuma Nana Faɗima in ta shigo yakan miƙe ya tarbe ta ya sumbace ta ya zaunar da ita a mazauninsa. Waɗannan na cikinsa ne.

Yaya Babba: Ku ba ni dama in sa baki, don ni ce 'yar farin da ake magana a kai. An yaye ni aka kai ni wajen kakata, na tashi ina ce mata Inna, mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata, don haka na ji ƙannenta suna kiran ta. Sai da na kai aji uku a firamare wata 'yar maƙwabta ta gaya mini cikin faɗa cewa Yaya ce ta haife ni. Na tafi gida da kuka ina cewa an zage ni. Ban ce ba ta so na ba. Da na girma na gane ita ke aiko da atamfar salla da sunan kawuna, ita ke ware mini tsoka ta ba kishiyarta ta miƙo mini. Amma har ta koma ga Allah ban san ɗumin cinyarta ba. Abin da ya fi damuna ma ba ni ba ce, ita ce. Shekararta sha shida ta haife ni, haƙorina na farko ba ta isa ta yi murna a fili ba, tafiyata ta farko a tsakar gidan wata na yi. An hana ta abin da ku yanzu kuke lissafawa a nan kyauta. Shi ya sa nawa na fari kullum sai na yi masa cakulkuli kafin ya kwanta, kowa na gani.

Ummu Safiyya: Allah ya ji ƙanta, Yaya. Kin sa ni hawaye.

Hajiya Kaka: Allah ya gafarta mata, ya sa ta huta. 'Yata, ban musa miki ba. Amma ku fahimci dalilin abin kafin ku yar da shi. Gidanmu na aure mu huɗu ne matan 'yan'uwa, ga uwar miji, ga kishiya, tukunya ɗaya. In kowace ta rungume nata tana nuna shi ya fi, gidan ba zai kwana ba. Kawaicin nan shi ya sa ɗa ya zama na kowa. Yaro ya faɗi, wadda ta fi kusa ita ke ɗaga shi. Nawa in ya yi kuka ina daka ba na ko waiwaye, don na san matar wan mijina ta riga ni. Kuma kar ku zaci ba mu ji daɗinsu ba. Goyo fa? Yaro yana bayanka daga hantsi har azahar, numfashinsa a tsakanin kafaɗunka, ka san ya yi barci tun kafin a gaya maka, don nauyinsa yakan sauya. Wannan babu wanda ya hana mu. Da dare kuwa in an rufe ƙofa an rage fitila, ɗaki naka ne. Ba mu dai fitowa mu ba da labari.

Anti Malama: Hajiya, a nan nake ganin bakin zaren. Tsarin da kika faɗa yana tafiya ne da gidan yawa. Yanzu yarinya za a kai ta ɗaki biyu da falo a Rijiyar Zaki ko Ɗanbare, maƙwabta ba su san sunanta ba, miji ya fita tun bakwai, kaka tana wani gari. In ita ma ta ce za ta yi kawaici, wa zai yi wa yaron wasa? A da in uwa ta kau da kai akwai hannu goma da za su ɗauka. Yau in ta kau da kai, waya za a miƙa masa. Ina ganinsu a aji ɗaya, yaron da ake hira da shi a gida da wanda aka bar wa katun, tun makon farko ake gane su a baki.

Hajiya Kaka: Wannan kuma laifin wa? Mu muka ce ku watse?

Abban Tagwaye: Hajiya, gidan gado an raba, kowa ya samu taku goma. Ina za mu zauna?

Hajiya Kaka: Kai dai ka je ka karɓi yaran nan, uwarsu ta ce awa sha huɗu.

Baban Ramatu Maraɗi: Salamu alaikum daga Maraɗi. Ni abin da zan ce, daɗin da na samu da ɗiyana wahala ce ta kawo shi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, da Najeriya ta yanke muna kuran, wato wutar lantarki, dare ya yi tsawo. Ba talabijin, waya ba caji, zafi ya kore mu waje. Sai muka koma shimfiɗa tabarma tsakar gida. Rannan babbar ta ce in yi musu tatsuniya. Na ce ga ta nan ga ta nanku, suka yi tsit suna kallona, ba su san ana amsawa ba. Sai da na koya musu "ta zo mu ji ta". Na fara ta Gizo da Ƙoƙi, na kai tsakiya na tarar rabin ta ɓace mini, na kira tsohuwata a ƙauye washegari ta cika mini. Da aka maido da wutar a Maris na 2024 na zaci shi ke nan, amma har yau in ƙaramin ya dawo daga lakwal, wato makaranta, sai ya tuna mini da alkawarin dare. Kuma ba ya yarda in sauya ko kalma. In na ce kura ta tafi hagu, sai ya ce jiya dama ta bi. In ban yi tsamin bakin Gizo ba, a sake daga farko.

Maman Hanif: Ƙurunƙus! Baban Ramatu don Allah ka yi mana ɗaya da murya ka turo, wallahi ni ma kan labaran kawai na riƙe.

Direban Dogon Zango: Ni Kano zuwa Legas nake, wani lokaci sai in yi mako biyu ban kwana gida ba. Duk abin da kuke faɗa a waya nake ganinsa. Yarinyata in an kira ta bidiyo ba ta magana, hancinta take mannawa a gilashin, ko ta leƙa bayan wayar tana nemana. In na tsaya cin abinci a Mokwa ko Jebba nan nake kira. Amma in na dawo, kwana na farko ƙiwa take yi mini, ta ɓuya bayan uwarta. Sai na biyu ta saki jiki, ta hau cikina tana ja mini gemu. Na uku an yi lodi. Masu kwana gida kullum ku gode wa Allah, har kukan daren da kuke ƙorafi a kai.

Maman Tagwaye: Allah ya tsare hanya, Malam. Kukan daren dai in kana so akwai na sayarwa a gidanmu, biyu-biyu.

Maman Nabila: Ni a Ingila nake, kuma duk wadda ta ce gidan yawa takura ne ta zo nan ta yi jego ita kaɗai a watan Disamba, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. Babu mai karɓar miki ko na minti biyar ki watsa ruwa. Abin da ke faranta mini shi ne in na goya ta da zani na fita, tsofaffin Turawa su tsaya suna tambaya ba za ta faɗo ba. Sai kuma ranar da ta zubar da madara a kafet ta dafe ƙirji ta ce "na shiga uku". A bakina ta ji, ba shakka. Duk Turancin makarantar renon bai hana wannan fitowa ba. Na tura wa mahaifiyata a Gusau, ta ce saura ta koyi gaisuwa.

Maman Jariri: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ina gogewa. Ku yi haƙuri zan ɓata muku hira. Ni ban ji komai daga abin da kuke faɗa ba. Yarona wata huɗu. Yana yi mini murmushi, kowa ya ce kai masha Allah, ni kuwa sai in ji kamar ɗan wani aka ba ni riƙo. Ina shayar da shi, ina wanke shi, ba na barin sa da yunwa. Amma in ya yi barci ni ba na iya yi, sai kuka ba dalili. Abinci ba ya shiga. Da na gaya wa wata 'yar'uwa sai ta ce butulci ne, wasu shekara goma suna nema. Tun daga nan na yi shiru. Ko ni ce ba ni da imani?

Malam na Zariya: Subhanallah. 'Yar'uwa, wannan ba ma'aunin imani ba ne, kar ki bari a ɗora miki. Mai butulci ba ya tashi tsakar dare ya shayar. Akwai ma'aikatan lafiya a nan, su yi magana.

Sista Ungozoma: Ƙanwata, sannu, kuma kin kyauta da kika faɗa. Abin da kika lissafa mun san shi sarai a wajen aiki, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Mata da yawa sukan yi 'yar ƙuncin rai da saurin kuka a kwanakin farko, wannan yakan wuce da kansa cikin mako biyu. Wanda ya zarce haka, ya hana barci ko da yaro ya yi, ya hana ci, ya sa uwa ta ji ba ta haɗu da ɗanta ba, shi ne ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 13 cikin 100 na masu jego suna samun irin wannan matsala, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya fi haka. Sauyin sinadaran jiki bayan haihuwa, rashin barci, rashin mataimaki, wahalar naƙuda, duk suna da hannu. Ana warkewa, da zama da likita, wani lokaci da magani, kuma akwai magungunan da mai shayarwa ke sha. Ki je asibitin da kike kai shi rigakafi. Ya gama na mako 6 da 10 da 14, na gaba sai na ƙyanda a wata 9, to kar ki jira wannan. Ki je ranar awo ki ce ke kika zo a duba, ki faɗa musu yadda kika faɗa mana. A sa su duba jininki ma, don ƙarancin jini yana ƙara kasala. In kuwa tunanin cutar da kanki ko yaron ya taɓa zo miki, yau za ki je, kuma ki gaya wa wani na kusa yanzu. Maigidan ya sani?

Maman Jariri: Wancan tunanin bai zo mini ba, alhamdu lillahi. Shi kuma yana ganin gajiya ce kawai. Ban yi wankan gida ba, mahaifiyata ta rasu, kwana bakwai gwaggona ta yi ta koma.

Ummu Safiyya: Ni a na biyu na yi irinsa. Sai da ta kusa wata bakwai, rannan ina canza mata kaya ta kama yatsana ta kai baki da sabon haƙorinta ta gartsa mini, na ji na yi dariyar gaske. Kafin nan duk ta dole nake yi. Amma ni ma sai da na ga likita, kuma sai da ƙanwar mijina ta dawo gidan. Barcin awa huɗu a jere ya yi mini abin da nasiha ba ta yi ba.

Baban Ikram: Maza mu ji da kyau. Gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun haihuwa na kwana 14 tun 2021, Kaduna kuma ta ba mata wata shida. Amma na san waɗanda suka karɓi hutun suka ƙare shi a majalisa da rabon goron suna. Mu 'yan kasuwa ba mai ba mu hutu, sai dai bayan asuba zuwa bakwai ai namu ne. Ka ɗauki yaron ka fita da shi ƙofar gida, ka nuna masa awaki, uwar ta runtsa. Ni a nan na fi jin daɗin Ikram ma, gari shiru, tana nuna komai da yatsa tana jiran in faɗi sunansa.

Maman Tagwaye: Abban Tagwaye, ana magana.

Abban Tagwaye: Na ji. Gobe in Allah ya kai mu. Amma ɗaya-ɗaya.

Maman Tagwaye: Biyu ka haifa.

Hajiya Kaka: Ke Maman Jariri, 'yata, saurara. Wadda ta ce miki butulci ba ta san jego ba. Mu a da ba mu da sunan asibiti na abin nan, amma mun san mai jego ba a barin ta ita kaɗai, kwana arba'in ba ta ɗora tukunya, ba ta share ɗaki, yaro sai in zai sha a miƙo mata. Ke an bar ki a kwana bakwai, ba uwa, ina za ki samu sararin jin daɗinsa? Anti Malama, kin ga abin da nake faɗa, kin kuma ga abin da kike faɗa. Ki je asibitin kamar yadda Sista ta ce. Sannan a wane gari kike?

Maman Jariri: Kano nake, Hajiya. Na gode, Allah ya saka da alheri. Sista, zan je ranar Talata, ita ce ranar awonmu.

Sista Ungozoma: Madalla. In da hali ku tafi tare da maigidan, ya ji daga bakin likita, ya fi shiga.

Hajiya Kaka: To ai gari ɗaya muke. Turo mini kwatance ta gefe, kar ki sa a nan. Jibi zan sa jikana ya kawo ni a adaidaita, in goya miki shi ki yi barci. Zan taho miki da kunun kanwa.

Sista Ungozoma: Hajiya, a yi mana rangwamen kanwar nan. Gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan ta da wankan ruwa mai tsananin zafi da ciwon zuciyar masu jego. Ga shi ma ta wuce arba'in tuni.

Hajiya Kaka: Tara na haifa, da shi na yi jegonsu duka.

Sista Ungozoma: Allah ya kiyaye ki ne, Hajiya. A yi na gyaɗa, a sa madara.

Hajiya Kaka: Na gyaɗar zan yi, don yarinyar ba ta cin abinci, ba don kin faɗa ba. Wa ya san nawa kwanon gyaɗa yanzu a Rimi?